Dogo da tsuntsayen gidan Baba

Gidanmu a nan Tawa gidan tsuntsaye ne tun ina ƙarami. Baba na da tantabaru sun kai talatin, tukwanensu jere a jikin katangar gabas, Inna na da kaji kuma duk damina sai ta sayo ƙwan zabi ta sa ma kaza ta kwanta, autanmu na da zomaye biyu cikin wani ɗan ɗaki da ya gina da hannunshi, sannan ga kanarin Baba cikin keji wanda shi kam ba kiwo ba ne, aboki ne, in Baba ya dawo masallaci da asuba shi yake fara dubawa kafin ya amsa gaisuwar kowa. Cikin gidan ga munka kawo kare. Ina son in ba da labarin daki-daki yadda ya faru, don na ga gidaje da dama sun faɗa ramin da munka faɗa, kuma kusan kullum karen ne ke ƙarewa da guba ko a kai shi daji a yar, alhali ba daga wurinshi matsalar ta faro ba.

Dalilin kawo shi sata ce. An haura katanga an ɗauke mana rago ana saura kwana kaɗan layya, Baba ya ji ciwon abin ƙwarai, sai wani abokinshi makiyayi daga wajen Abalak ya ce zai kawo mashi ɗan kwikwiyo. Bayan kaka ya cika alkawari. Kwikwiyon ja ne, siriri, ƙafafu dogaye kamar na barewa, ciki a ɗame, kana ƙirga haƙarƙarinshi ko ya ƙoshi. Auta ya sa mashi suna Dogo. Mai kawo shi ya ce watanshi 4 ko 5, an haife shi cikin ruga tsakanin awaki da raƙuma, uwarshi kuma ba zomon da ke tsere mata. Wallahi lokacin da ya faɗi maganar ga ta uwar dukanmu daɗi munka ji, ba wanda ya juya ya dubi ɗakin zomayen auta.

Duk wanda ya san arewacin Tawa ya san irin karen. Karen Azawak ne, na kwarin Azawak da ya ratsa ƙasarmu Nijar da Mali, wanda Buzaye da Fulani ke riƙewa don tsaron zango da farautar zomo da barewa. Ba da hanci yake farauta ba kamar wasu karnuka, da ido yake yi, ya hango abu na motsi daga nesa ya zuba a guje. Turawa sun fara kwasar irinshi zuwa Turai a shekarun 1970, babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ma ta amshe shi cikin jerinta a 2019, can kuɗi masu yawa ake sayenshi, mu nan kyauta anka ba mu. Abin da ya sa na faɗi haka shi ne a gane cewa kakannin Dogo tun zamanin da ba wanda zai iya ƙirgawa ana zaɓarsu ne don abu guda, wanda ya fi gudu ya fi kamu shi ake bari ya haihu. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Watanni huɗu na farko, duk lokacin ɗari, lafiya lau. Kaji na kiwo gabanshi, tantabaru na sauka su sha ruwa a kaskon da ke kusa da inda yake kwana, har baƙi na yaba mana, wai kare mai hankali. Amma yanzu in na tuna baya akwai abubuwan da na gani da idona ban fahimce su ba. Sau da yawa da yamma in Baba ya watsa ma tantabaru hatsi, sai in ga Dogo ya kwanta ya miƙe wuya, baki a rufe, kunnuwa gaba, ido ƙyam a kan tsuntsu guda ba ya ko ƙiftawa, wani lokaci cinyarshi har rawa take. In ka kira sunanshi ba ya ji. Ni na ɗauka natsuwa ce. Ashe wannan shi ne matakin farko na farauta.

Kuma mu da kanmu munka yi ta ƙara mashi wuta. Auta na ɗaure tsumma a igiya yana ja a ƙasa Dogo na bi yana cabkewa yana girgizawa, yara na ihu suna tafi. Ya fara kama ƙadangaru a jikin katanga, ba wanda ya hana. Ranar da ya kashe wata ƙatuwar gafiya bayan rumbu Inna da kanta ta ba shi ƙashi da romo, ta ce yau ka biya kuɗin tuwonka. To a wurin kare mi ya raba gafiya da ɗan shila? Dukansu ƙananan abubuwa ne masu motsi da sauri masu tsuwa in an kama. Mu ne ke da lissafin wannan namu ne wancan ɓarna ne, shi ba shi da wannan lissafin.

Ɓarnar farko cikin bazara ta faru, lokacin yana da kamar wata 9. Ɗan shila kan yi kusan wata guda cikin tukunya kafin ya iya tashi, to wani ya yi gaggawa ya faɗo ƙasa yana faffaka fukafukai yana jan ciki. Ina zaune ƙarƙashin rumfa ina gyaran takardun yara, ban fi taki goma da wurin ba, amma kafin in miƙe an gama. Ba haushi, ba gurnani, ba komi, tsalle biyu, cabka ɗaya, girgiza biyu. Abin da ya fi tsaya mani a rai shi ne yadda ya ɗago kai yana kaɗa wutsiya da tsuntsun a baki, daidai yadda ya yi ranar gafiya, yana jiran a yaba mashi.

Baba ya ɗauko sanda ya ba shi kashi. Wani maƙwabcinmu dattijo ya leƙo ya ce, Alhaji, ɗaura mashi mushen a wuya, kwana biyu yana jin ɗoyi ba shi ƙarawa har abada. Anka ɗaura. Cikin zafin Tawa na watan huɗu, ƙudaje sun baibaye shi, ya ƙi cin abinci, ya laɓe bayan randa. Bayan kwana biyu anka kwance, kuma gaskiya sati da sati bai ko kalli tantabara ba in Baba na tsakar gida. Munka ce magani ya ci. Abin da ya koya kuwa daban ne, ya koyi tsoron Baba, ya koyi cewa in mutum na nan akwai sanda. Sha'awar kamun tana nan inda take.

Damina ta sauka. Inna ta sa ma kazarta ƙwan zabi, shi kuma kwana 26 zuwa 28 yake yi, ya ɗara na kaza da sati guda, kuma duk wanda ya taɓa kiwon ƴan zabi ya san wahalarsu, raɓa kaɗan ta kashe su. Goma sha huɗu sunka ƙyanƙyashe. Ta yi ta lallaɓarsu da tsaki da gara har sunka yi sati uku sun fara guje-guje. Wata ranar juma'a maza duk mun tafi masallaci, Inna ta shiga ɗaki, da munka dawo munka tarar da tara a warwatse tsakar gida, kazar kuma an tuge mata gashin baya. Ko ɗaya bai ci ba. Inna ta zauna a bakin murhu ta yi kuka, ba don kuɗin kaɗai ba ko da yake da su take sayen kayan sallar jikoki, sai don wata biyu na wahalarta.

A nan ne magana ta yi yawa a unguwa. Wasu sun ce ya ɗanɗani jini shi kenan ya lalace, wasu sun ce ba ma ba shi abinci, wasu ma cewa sunka yi hauka ce ta fara kama shi. Zancen yunwa shi ya fi ba ni haushi don tuwo da ƙashi ba su yanke mashi, kuma hujjar na nan ƙasa a gabanmu, mai jin yunwa zai kashe tara ya bar su? Kamu daban, ci daban. In ƙananan abubuwa da yawa na gudu a wuri rufaffe ba hanyar tsira, duk wanda ya motsa sai ya sake tayar mashi da abin, ya saki wanda ya daina motsi ya bi mai motsi, har sai motsi ya ƙare. Haka dila ko muzuru ke yi in sun samu shiga akurki.

Bayan nan munka ɗaure shi da sarƙa a gindin bedi dare da rana, kuma wannan ma kuskure ne. Karen da anka halitta don gudu ka ɗaure shi a igiya mai tsawon taki uku, kaji na wucewa ta gaban hancinshi yini guda yana fizga yana komawa, ai tara mashi kake. Sati na uku ƙarfen wuyan ya ɓalle da hantsi, ya bi ta wata kafa a danni ya faɗa gidan maƙwabta ya kashe masu kaza mai ƴaƴa. Baba bai tsaya gardama ba, ya ɗauki jikka huɗu da kaza guda cikin na Inna ya je da kanshi ya ba da haƙuri, mai gidan ya amshi kazar ya maido kuɗin, ya ce Alhaji zama tare ya fi kaza, amma don Allah a san yadda za a yi, akwai yara ƙanana a gidan ga. Maganarshi gaskiya ce kuma ta tsaya mani.

Sai ranar kanari.

Kejin kullum a rataye yake a ƙusa jikin ginshiƙin rumfa. Ɗiyar yayana, shekararta 7, ita ke son canza mashi ruwa, ta sauko da kejin ta aje bisa tabarma kamar yadda ta saba, ba ta san an kwance Dogo don a wanke wurinshi ba. Tsuntsun ya firgita ya fara bugun fukafukai cikin keji, kuma wannan bugun shi ne kamar an danna maɓalli. Dogo ya doki kejin da ƙirji, ƙofar ta buɗe, ya kai baki, yarinyar ta sa hannu ta fizge tsuntsun tana ihu, haƙorinshi ya karce ta a bayan hannu. Yayana ne ya riƙe shi.

Munka rabu biyu, wasu kan yarinya wasu kan tsuntsu. Ita na wanke mata wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 kamar yadda ake koyarwa, sannan munka kai ta likita, kuma da yake ba mu taɓa yi ma Dogo allurar haukan kare ba, abin da har yau nake jin nauyinshi, sai anka fara mata allurar rigakafi, shi kuma likitan bisashe ya ce a tsare shi a sa mashi ido kwana 10. Alhamdu lillahi lafiyarshi lau, ita ma ta warke. Ciwon haukan kare ba a wasa da shi, in alamunshi sun bayyana ga mutum ba a tashi, kuma kusan duk masu kamuwa da shi daga kare suke samu.

Kanarin kuwa da munka duba ba mu ga komi ba sai ɗan jini kamar kan allura a ƙarƙashin fiffike. Da yamma har ya ci gero. Baba ya ce ya tsira. Washegari ya kumbura gashi ya zauna a ƙasan keji ido a lumshe, kwana na biyu da asuba Baba ya tarar da shi ya mutu. Likitan bisashe ya yi mani bayani daga baya, ya ce tsuntsu ƙashinshi ba ƙwari kuma jikinshi cike yake da jakunkunan iska da yake numfashi da su, matsa kaɗan ta haƙori na iya yin ɓarna a ciki ba ka gani a waje, sannan bakin kare da na kyanwa na ɗauke da ƙwayoyin cuta, musamman wadda ake kira Pasteurella, in ta shiga jinin ƙaramin tsuntsu kwana ɗaya ko biyu ta gama da shi. Ya ce duk tsuntsun da ya shiga bakin kare ko kyanwa, ko ka ga yana tsalle, a kawo shi ranar a fara mashi magani, kar a jira a ga yadda zai kwana. Mu mun jira.

Baba bai daki kare ba wannan karon, bai ma yi magana ba, ya ɗauki tsuntsun ya rufe shi a gindin lalle ya shiga ɗaki. Da dare yayana ya ce a nemo guba. Na ce a'a, ban da cewa azaba ce, guba a gidan da yara ke rarrafe kaji ke tono ai neman wata masifa ce. Na roƙi Baba ya ba ni wata guda, in ban gyara ba ni da kaina zan maida shi Abalak.

Ni malamin kimiyyar halittu ne a kwaleji, amma gaskiya halin kare ban taɓa zama na karanta ba sai da abin ga ya same mu. Na fara da wani tsohon mafarauci da ke zama kusa da fadarmu, mutumin da ya yi shekaru yana fita da karnai. Na kwashe labari na faɗa mashi, ya saurara har na gama, sai ya ce, malam, karen ga ba shi da laihi, kun ɗauko mashin yaƙi kun kafa tsakar gida kuna mamakin ya soki mutum. Ya ce karen da ke faɗa da karen da ke farauta ba ɗaya ba ne ko da kare guda ne, mai faɗa shina gurnani, shina tada gashi, shina son abin ya tahi ya ba shi wuri, mai farauta kuwa shiru yake, jin daɗi yake, so yake abin ya matso. Ya ce shi ya sa bugu ba ya hidda shi, ba hushi ba ne bale ka huce mashi.

Abin da na karanta daga baya bai saɓa ma tsohon ba ko kaɗan. Wani masanin halittu na Amurka, Raymond Coppinger, wanda ya yi shekaru yana aiki kan karnukan tsaron tumaki, ya nuna cewa farautar kare jerin matakai ce kamar ƙwayoyin tasbaha, ya juya wajen abin, ya kafa ido, ya yi sanɗa, ya bi a guje, ya cabke, ya yi cizon kisa, sannan ya yayyaga ya ci. Mutane ne cikin zamunna sunka yi ta zaɓe, wani iri anka ƙarfafa mashi wani mataki anka raunana wani. Karnukan kora tumaki na Ingila suna kafa ido su yi sanɗa su kora amma ba su kisa, masu ɗauko ma maharbi tsuntsu suna cabkewa a hankali ba su taunawa, na tsaron garke kuma kusan duk jerin a kwance yake gare su shi ya sa suke kwana cikin tumaki. Irin su Dogo ido da gudu da kamu duk a cike suke. Ko a addini ma an san wannan rabe-raben, aya ta 4 cikin suratul Ma'ida ta yi zancen dabbobin farauta da anka horar, kuma a hadisin Adiyyu ɗan Hatim an bambanta karen da ya kama ma mai shi da wanda ya ci daga abin da ya kama. Wato horo na iya tsayar da kare a wani mataki, amma ba wanda ya ce horo na cire farautar daga jikinshi.

Abu na biyu da na gano shi ya fi yi mani ciwo don tun ranar farko anka yi kuskuren. Binciken da Scott da Fuller sunka fitar a 1965 ya nuna kwikwiyo na da wani ɗan lokaci, daga sati 3 zuwa wajen sati 12 da haihuwa, da yake koyon su wane ne nashi. Abin da ya tashi cikinshi a wannan lokacin ya fi ɗaukarshi a matsayin dangi. Dogo ya yi wannan lokacin a ruga, shi ya sa har yau akuya ko ɗan rago na iya kwanciya jikinshi ba ya ko ɗaga kai, amma kaza da tantabara sai da wannan lokacin ya wuce ya fara ganinsu. Zaman lafiyar da munka gani lokacin ɗari ba sabo ba ne, ƙuruciya ce, jikinshi bai gama nuna ba. Da tsaro kawai muke so a gida mai tsuntsaye, kamata ya yi mu ɗauko kwikwiyo ɗan sati 7 ko 8 daga gidan da uwarshi ke kwance cikin kaji. Ko shi ɗin ma ni yanzu ba zan bar shi da ƴan tsaki ba mutum a wurin ba.

To ga abin da munka yi. Na daina tunanin canza halin Dogo, na koma tunanin canza gidan. Munka raba tsakar gida biyu da ragar waya, tsawo mita 2 don na ga da idona yana haura abin da ya kai ƙirjin babban mutum daga tsaye, ƙasan kuma munka binne ta da siminti don kar ya tona. Ɓangaren yamma da zaure da wurin rago nashi, ɓangaren gabas na tsuntsaye. Ƙofa biyu munka sa a jere da ɗan fili tsakani, sai ka rufe ta farko kake buɗe ta biyu, saboda a gida mai yara ƙofa ɗaya kamar babu ce. Kafar danni anka toshe da bulo. Aikin duka da kuɗin mai walda ya ci mani kusan rabin albashin wata, yayana ya taimaka da siminti. Munka kuma tsara lokaci, da magariba in kaji sun shiga akurki an rufe, tantabaru sun hau, sai a buɗe mashi gidan duka ya yi gadinshi, da asuba kafin Baba ya watsa hatsi auta ya maida shi yamma ya sa sakata. Zomayen kam ba mu yi gardama ba, anka kai su gidan gwaggo, don zomo ko bai shiga baki ba firgita kaɗai na iya kashe shi, kuma kare irin wannan ba zai taɓa daina shinshinar ƙofarsu ba. Auta ya yi kwana biyu ba ya cin abinci sosai amma ya gane.

Sarƙar munka yar. Maimakonta kullum da sassafe auta ko ni mu fita da shi bayan gari inda ba garke ba gonaki, da doguwar igiya, ya yi gudu har ya fidda harshe, kuma bambancin a bayyane yake, ranar da ya yi gudu kwana yake yini, ranar da ba a fita ba sai ka gan shi yana safa da marwa jikin raga. Wasan tsumma ba mu hana ba amma can waje ake yi, ba a gaban tsuntsaye ba, kuma sai an ce saki ya saki kafin a ci gaba. An yi mashi allurar hauka, an ba mu takarda, za a riƙa maimaitawa yadda likitan ya ce.

Horon kuwa shi ya fi cin haƙuri. Ina tsayawa da shi da igiya a nesa da raga, inda yana ganin tantabaru amma bai kai ga daskarewa ba, da ya kalle su sai in kira sunanshi, in ya juyo in ba shi ɗan guntun kilishi ko busasshen kifi. In bai juyo ba na san na matsa da yawa, sai in ja baya. Minti biyar zuwa goma, safe da yamma. Abin da na lura shi ne dama ɗaya ce gare ka, tsakanin juyawa da kafa ido, in ya riga ya rufe baki ya sunkuyar da kai to ko gangar sarki ka buga ba ya ji. Bayan kamar wata biyu ya kai inda kaza za ta wuce bayan raga taki biyu da shi ya juyo ya kalle ni yana jiran kilishi. Amma wannan kazar da ke tafiya ce a hankali. In tantabara ta tashi fir daga ƙasa har yau sai jikinshi ya zabura, ina jin shi a igiya. Shi ya sa duk wanda ya ce mani ai yanzu ya gyaru a cire raga, sai in ce mashi a'a.

Maganar yara na ɗauke ta da nauyi tun daga abin da maƙwabcinmu ya faɗa. Dogo bai taɓa nufin yaro da cizo ba, karcen ɗiyar yayana ma tsuntsu yake bi, amma jariri mai tsuwa yana wutsil-wutsil bisa tabarma ko ƙaramin yaro da ya zuba a guje yana ihu na iya tayar ma kare irin wannan da abin da ke cikinshi. Doka ce yanzu a gidan, ba a aje jinjiri a ƙasa a ɓangaren yamma, yaro ƙarami ba ya shiga can sai da babba, kuma an koya masu in kare ya kama wani abu kar su sa hannu, su kira babba.

Wata 8 kenan da kafa ragar. Sau ɗaya anka samu matsala, ranar sunan ɗan yayana gida ya cika da baƙi, wani yaro ya bar ƙofofin biyu a buɗe yana ɗaukar kujeru, Dogo ya shiga gabas ya kama wata budurwar kaza a fiffike. Na yi sa'a ina kusa, na daka mashi kira ya tsaya, na ce saki ya saki, abin da bara ba zai yiwu ba. Kazar munka kai ta wurin likitan bisashe a ranar, ta rayu, tana ɗan jan fiffiken. Tun daga nan duk ranar taro kwaɗo ake sa ma ƙofar ciki, makullin na aljihuna. Sata kuwa ba a sake yi mana ba, ragon bana har layya yana nan, kuma maƙwabtan da sunka ce a kashe shi yanzu su ke cewa haushinshi na dare na tsare layin duka.

Baba ya koma yi mashi magana, wani lokaci har ya aje mashi sauran hura a kasko, amma bai sake sayen kanari ba. Na yi mashi tayi sau biyu, na ce akwai masu kawowa kasuwar lahadi kuma wannan karon cikin ɗaki za a rataye, ya ce a bari tukuna. Kejin na nan a ƙusarshi ba kowa ciki. Inna kuwa ta sayo ƙwan zabi ashirin satin da ya wuce ta sa ma jar kazarta, akurkin munka matsar da shi can ƙuryar gabas nesa da raga, na kuma sayo waya mai ƙananan ido zan zagaye ƙasan ragar da ita kafin su ƙyanƙyashe, don ɗan zabi na sati ɗaya na iya bi ta ramin da ke jikin wadda ke nan yanzu.